Alhamdulillah, matsalar kanel ɗin nan ta wuce

Salamu alaikum jama'a. Alhamdulillah gyaran ya iso, laftof ɗin makarantarmu ta Tudun Wada duk sun dawo suna kama waifai. Wallahi jikina duk a mace yake, barci kawai nake nema, amma ba zan kwanta ban yi godiya ba.

Ga wanda bai bi abin ba, laftof ɗin namu da manhajar Linux suke aiki, kuma tun ranar da sabon kanel, wato zuciyar manhajar, ya shigo waifai ya tsaya cak. Daren git bisect, wato dabarar farautar canjin da ya kawo matsala, shi ne ba zan manta ba. Tsakanin fitowar Linux ɗaya da ta gaba canje-canje sukan haura 10,000, kai kuma kana ta raba su gida biyu, ka haɗa kanel ka kunna ka gwada, ka sake rabawa, har ka cafke guda ɗayan da ya ɓata aikin, kuma a tsohuwar laftof kowane haɗi awanni yake ci. Ina dab da kama shi aka ɗauke wuta, janaretanmu ba mai, batiri saura ƙiris, gabana ya faɗi. Kawu tela na shagon gefenmu har ya kulle zai tafi Rigasa, ya gan ni tsaye a ƙofa, ko tambayar me nake yi bai yi ba ya sake buɗewa ya tada injinsa ya jawo min waya, ya zauna kan benci sauro na cinsa har na gama. Na san ba ya son a faɗa, amma Kawu ka yi haƙuri yau sai na faɗa. Allah ya buɗa maka, Allah ya raya maka zuri'a, Allah ya kai ka Makka, ya jiƙan mahaifa.

Bayan na tura wa masu kula da kanel rahoton matsalar, tsorona kar ya nutse cikin dubban saƙonni ba wanda ya waiwaye shi. Nan ne zan gode wa Thorsten Leemhuis, bai san ni ba, amma manhajar regzbot da ya ƙirƙira don bin sawun irin wannan koma-baya ita ta riƙe maganar a buɗe. Dama ƙa'idar Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ke nan, abin da yake aiki jiya kar sabon kanel ya kashe shi. Bawan Allahn da ya rubuta facin, wato gyaran, kuma bai yi ganda ba, a bayanin facin ya sa alamar Fixes: da lambar canjin da ya jawo matsalar, ya sa Closes: yana nuni ga rahotona, shi ya sa aka gane wannan facin na wannan ciwon ne, facin ya kuma samu shiga rassan kanel da ake zuba gyare-gyare, waɗanda su Greg Kroah-Hartman ke kula da su, har ya iso gare mu. Allah ya saka masu da alheri.

Ɗalibaina da suka yi ta gwaji ba gajiya, Allah ya yi maku albarka. Wasu 'yan uwa na jini kuwa ko "ya ake ciki" ban ji daga gare su ba, ba komai, Allah ya bar zumunci.

Masu irin laftof ɗinmu ku sabunta kanel ɗinku, aji kuma ranar Litinin in sha Allah.