Salamanda mai zanen damisa: ƙasa mai laima take so, ba rana ba

Ƙannena masu sha'awar kiwon wannan dabba, kuskuren farko da mu na gaba muka tafka daga ido ya fara. Mun ga ƙafa huɗu da doguwar jela, muka ɗauka ƙadangare ce, muka kunna mata fitilar ɗumi. Ashe 'yar uwar kwaɗo ce. Fatarta tsirara take, ba ɓawo. Ta nan take shan ruwa, ta nan take samun wani kaso na numfashinta, kuma duk abin da ya taɓa fatar yana iya ratsawa cikin jiki.

Asalinta Arewacin Amurka ne, daga kudancin Kanada har Meziko, inda take ƙare yawancin rayuwarta cikin rami, sai da dare ko bayan ruwan sama ta leƙo. Zafin da ya dace da ita digiri 15 zuwa 21 ne a ma'aunin Selsiyos. Idan ya zarce 24 ya daɗe a haka, za ta daina cin abinci, cuta ta samu ƙofa. Wanda ke Kano ko Sakkwato, in ba shi da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta yankewa, ya haƙura, bazara ɗaya ta isa ta kashe ta. Na Amurka kuma ya duba dokar jiharsa tukuna, don Kalifoniya ta hana ajiye ta.

Babba ɗaya tana buƙatar akwatin gilashi mai cin lita 75, tsawonsa kamar santimita 75. Faɗin ƙasa ya fi tsayi amfani. Murfin ya zama na raga, don iska ta riƙa shiga, kuma ya kamu da kyau, domin tana iya ture shi.

Ƙasar da za ku zuba ita ce komai. Ku haɗa garin zaren kwakwa da ƙasar lambu wadda taki ko maganin ƙwari bai taɓa ba, zurfin santimita 10 zuwa 15, yadda za ta iya binne kanta ɗungurungum. Gwajin laima a tafin hannu yake: ku damƙi ƙasar ku matse. In ta dunƙule ba ta ɗiga ba, ta yi daidai. In ruwa ya tsiyayo, ta zama caɓi, kuma caɓi shi ne ramin da muka faɗa bayan mun guje wa fari. Ƙasa mai jagab tana tara ƙwayoyin cuta da fumfuna, sai ku ga cikin dabbar ya yi ja ko gyambo ya fito. Dabarar da ta fi ita ce a jiƙa gefe ɗaya fiye da ɗayan, a sa maɓoya ta ɓawon itace a kowane gefe, a bar ta ta zaɓa. Ta fi mu sanin abin da fatarta ke so. Tsakuwa kuwa kada ta shiga akwatin, don tana haɗiye ta tare da abinci, hanji ya toshe. Ku kwashe kashi da zarar kun gani, ku sauya ƙasar duka bayan wata ɗaya ko biyu.

Ku ajiye kasko marar zurfi wanda za ta shiga ta fita ba wahala, a canza ruwansa kullum. Ruwan famfo sai an ɗiga masa maganin kashe kulorin irin na masu kiwon kifi. Barinsa ya kwana ba ya wadatarwa inda ake sa kuloramin, wani ɗan uwan kulorin da ake tsaftace ruwan famfo da shi, domin shi ba ya tashi da kansa. Tataccen ruwan batir ma bai dace ba, ba shi da ma'adinai ko kaɗan.

Tana, wato tsutsar ƙasa, ita ce abincinta mafi kyau, sai gyare da aka barbaɗa wa garin kalsiyam. Babba ta ci sau biyu ko uku a mako. Makwaɗaiciya ce ta gaske, da ta gane mai ciyar da ita za ta riƙa tasowa tana roƙo, tausayi ya sa a yi mata teɓa. Kada ku biye mata. Gyaren da ya rage ku fitar da shi, yana cizon ta da dare.

Ɗauka sai dole. In ta kama, ku ɗauraye hannu sosai ba sauran sabulu ko mai, ku jiƙa shi, ko ku sa safar roba marar hoda. Bayan nan ku wanke da sabulu saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa.

Wani lokaci abin da za a sayar muku jinjira ce mai tuntaye uku na numfashi a kowane gefen kai, wadda a ruwa take zaune kamar talibambam. Ranar da tuntayen suka fara motsewa, ku rage ruwan, ku yi mata tudun da za ta hau, in ba haka ba tana iya nutsewa. Daga nan ku shirya zama da ita shekara 12 zuwa 15, wani lokaci fiye.