Takardar da na kai Katsina

Bayan sallar asuba na kama hanya daga Kano, da takardar yarjejeniya mai shafi 14 a jaka. Wani kamfanin magunguna na Legas ne ya rubuto ta, yana son haɗa gwiwa da wasu malaman jami'a a Katsina kan wani jiƙo da ake ba masu amosanin jini, wato sikila. Nawa aikin in karanta, in ce a sa hannu ko a dakata. Har muka wuce Bichi da Tsanyawa ban ɗaga kai ba, sai a Gidan Mutum Ɗaya da na sayi ƙosai, mansa ya ɗiga a shafi na 9.

Dama shafin nan ne ke min tsaye a wuya. Ya ce ba a wallafa sakamako sai da izinin kamfani, ba a kuma yanka wa izinin wa'adi ba. Kamfani na da hujjarsa: in sakamako ya fita kafin a yi rajistar mallaka, an yi wa wasu noma. Amma malami ba ya samun ƙarin girma sai da wallafa, ɗalibi kuma ba ya karɓar digiri da kundin da aka kulle a durowa. A gefen tabon man na rubuta: kwana 90, ku duba, ku yi rajista, mu wallafa.

Muka shiga ta Ƙofar Ƙaura hantsi ya dubi ludayi. A ɗakin gwaji wata ɗaliba ta nuna min littafin da take rubuta sanyin firiza safe da yamma, da jan biro a ranakun da aka ɗauke wuta. Jan ya yi yawa. Duk shafi 14 na yarjejeniyar, ba layi ɗaya kan wanda zai sayi man janareta.

Da la'asar aka raka ni cikin gari, bayan hasumiyar Gobarau, wurin tsohon da jiƙon ya fito daga hannunsa. Yana zaune kan buzu a zaure, sassaƙe da saiwoyi ƙulle a tsumma. Na karanta masa, ina juyawa zuwa Hausa. Ya bari sai da na kai aya.

"Ɗana, to wa za a fara ba?"

Na ce, "Baba, ɓeraye tukuna. Ba a zuwa kan mutum sai kwamitin kare haƙƙin marasa lafiya da NAFDAC sun yarda, kowa kuma sai da amincewarsa."

Ya ce ya ji abin da ya faru a Kano lokacin sanƙarau. Gwajin maganin Trovan yake nufi, wanda kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a 1996, 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. A ƙasar nan duk wanda ya zo da batun gwajin magani sai ya tarar da wannan labari ya riga shi zama.

Ni kuma Niprisan, wani maganin sikila, ne a raina. Daga wani mai maganin gargajiya ɗan Oyo cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin, har da masoro da kanumfari a ciki, aka rubuta masa kasonsa. An ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, kamfanin ya durƙushe, magani ya ɓace a kasuwa, sai 2018 kamfanin May & Baker ya ɗauka. Ko can da aka rubuta sunan mai abu ke nan.

Baba ya juya takardar, ya sake juyawa.

"Ina nawa sunan?"

Na duba, ko da yake na san amsar. "Majiyar gargajiya" aka kira shi, a shafi na 3.

Ya ninke ta biyu ya tura ƙarƙashin buzu. Ya ce in an rubuto ta da Hausa, da sunansa da na mahaifinsa da ya koya masa, in dawo ranar Juma'a bayan an sauko, limamin unguwa zai zauna da mu. Sannan ya aika yaro ya sayo min fura, don ya ga ban ci komai ba tun ƙosan safe.