Handaut ɗin da wayar makaho ba ta iya karantawa

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, sashenmu ya koma tura darussa ta WhatsApp, kuma ko da aka buɗe ba mu daina ba. Ni ina koyar da nahawun Hausa a wata kwalejin ilimi. Buɗe guruf, naɗa kilas raf (wakilin aji), tura jadawali, duk wannan ya tafi sumul. Inda aka samu tangarɗa shi ne handaut, wato takardun darasi da ake raba wa ɗalibai.

Akwai ɗalibi makaho a ajin, mai ƙwazo, wanda ke sarrafa wayarsa da TalkBack, manhajar Android da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo. Gudun muryar da yake saurare ma ni ban iya tsintar komai a ciki. Ana saura kaɗan a yi gwaji ya same ni a ofis ya ce, "Allah gafarta Malam, takardun nan da ake turowa babu komai a cikinsu." Na buɗe a wayata, ga rubutu nan raɗau. Ya miƙo tasa, ya shafa yatsa a kan shafin. Wayar ta faɗi lambar shafi, ta yi tsit. Shafi na gaba ma haka.

Ashe PDF ɗin hoto ne zalla. Abin da ke ƙona min rai har gobe shi ne yadda aka yi ya zama hoton. An buga handaut ɗin a kwamfuta da Word, rubutu ne lafiyayye wanda kowace manhaja za ta karanta. Sai aka fitar da shi a takarda, aka ɗauki hoton takardar da waya, aka haɗa, aka tura. Asalin fayil ɗin yana nan kwance a kwamfutar mai buga takardu a shagon bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye shi. Rabin zango yaron nan ya yi yana bin abokai su karanta masa, wani lokaci har da sayen kati ga mai karatun, a kan abin da tun farko a shirye yake.

Na karɓo fayil ɗin na tura masa da murnata. Da daddare ya kira yana dariya: wayar tana karantawa, amma duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suke sai ta ambaci sunan wata alama da Turanci. An yi bugun ne da tsohon font ɗin Hausa, wanda ke ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan alamomi irin su } da ] da ~. A ido harafi ne, a cikin kwamfuta alama ce. A darasin nahawu kuwa, inda bambancin "kafa" da "ƙafa" shi ne darasin kansa, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Sai da na bi na musanya su da haruffan Unicode, wato ainihin ƙ, ɗ da ɓ waɗanda kwamfuta ke ganewa a matsayin haruffa. Muryar wayarsa ta Turanci ce, tana karya Hausar, amma ya ce kunnensa ya saba, kuma yana iya bin kalma harafi-harafi in ya yi shakka.

Na kuma fara yin bayanin kowane darasi da saƙon murya. Ɗalibai suka yi ta godiya, sai dai an gudu gara an faɗa gidan zago: akwai kurma a ajin, ita kuma saƙon murya bai tsinana mata komai ba. Ba ta yi ƙorafi ba, ƙawarta ce ta faɗa min. Daga nan duk abin da na faɗa da baki sai na rubuta shi a ƙasa. Aiki ne, amma masu ƙarancin data ma sun fi son rubutun.

Sauran gyare-gyaren ba su da wuya. Kanun darasi a yi su da tsarin kanu na Word, ba ƙara wa rubutu kauri kawai ba, don mai saurare ya iya tsallakawa daga babi zuwa babi. Zanen gaɓoɓin furuci a rubuta bayaninsa da kalmomi. A bidiyo a daina cewa "kamar yadda kuke gani a nan", a faɗi abin da ke nan ɗin. Mai kwamfuta kuma ya sauke NVDA, manhajar da ke karanta abin da ke kan allon kwamfuta, kyauta ce. Makafi biyu ne 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙiro ta.

Amma duk wannan banza ne in hoto aka tura. Da na kai maganar taron sashe, wani abokin aiki ya ce shi da gangan yake mayar da nasa hoto, don kada ɗalibai su kwafe ko wani ya saka sunansa a kai. Na ce masa mai son kwafa zai kai shagon hoto-kwafi a minti biyar, wanda aka rufe wa ƙofa shi ne makaho kaɗai. Na tuna masa cewa dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ambaci ilimi ƙarara, kuma JAMB da kanta tana shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. Mu ne za mu karɓe su sannan mu miƙa musu shafi bebe?

Ya ce zai duba. Shugaban sashe ya amince duk handaut ya riƙa zuwa da fayil ɗinsa na Word, an rubuta a takardar bayan taro. Malamai da dama sun bi. Shi kuwa mutumin, handaut ɗinsa na wannan zangon ya shigo guruf makon jiya, hoto ne, har da inuwar babban yatsansa a gefen shafi na uku.