Daren Asabar da rigar barcin Constance

Wanki ya cinye min safiyar yau. Sai bayan isha'i na samu zama, na ƙarasa kallon The Suspicions of Mr Whicher, fim ɗin da tashar ITV ta Ingila ta fitar a 2011. Da na san haka zai tsaya min a rai, da ban kalle shi da dare ba.

Abin ya faru da gaske. A ƙarshen watan Yunin 1860, a ƙauyen Road da ke Ingila, aka wayi gari babu Saville Kent a gadonsa, yaro ɗan shekara uku. A masai aka tsinci gawarsa, an yanka shi. Jack Whicher, ɗan sandan ciki da aka turo daga Landan, ya ce ɓarna daga cikin gida take. Ya nuna Constance, yayar yaron da suke uba ɗaya, 'yar shekara 16, saboda rigar barcinta guda da ta yi ɓatan dabo a kayan wanki. Jama'a da jaridu suka yi masa ca, wai ya ci mutuncin 'yar manya, aka sallame ta. Sai a 1865 ta amsa laifin da bakinta. Ta yi shekara 20 a kurkuku, ta koma Ostareliya tana aikin jinya, ta rasu a 1944 tana da shekara 100.

Ba na wanke ta, wallahi, yaron bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma matar uban ce ta hana ni sukuni. Mary Pratt ta shigo gidan ne a matsayin mai tarbiyyar yara, da uwar su Constance ta rasu a 1852 maigidan ya aure ta. Yarinyar ta taso tana kallon 'ya'yan amarya a gaba, ita a baya.

Ni ma matar uba ce. Tun ranar Alhamis 'yar mijina take cewa in yi mata kitso, ina cewa sai na samu lokaci, alhali jiya na zauna na yi wa tawa.

Na kashe kallon na leƙa ɗakinsu. Auta ya yi ɗaiɗai yana barci, 'yar mijina kuwa idonta biyu, ta rufa masa zanenta.

"Anti, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Ki tsefe kanki da safe, ni zan yi miki."