Mutum ɗaya, fayil huɗu

Aikina ɗakin kati ne, a wani asibiti tsakanin Agege da Ikeja. Tun bara muke kwashe fayilolin marasa lafiya muna zuba su a kwamfuta. Na waje suna zaton ɗaukar hoton takarda ne kawai, kuma wannan ɓangaren kam ba wuya: ka zare fil, ka miƙe kunnen takarda, ka tura cikin sikana, ka ba ta lamba. Wadda danshin Legas ya manne ko gara ta taɓa ce ake lallaɓawa shafi-shafi. Hoton kuma kwamfuta ba ta karanta rubutun likita da ke cikinsa, shi ya sa da hannu muke shigar da rukunin jini, da sikila, da hawan jini, da maganin da jikin mutum ba ya so.

Inda gizo ke saƙar shi ne gane mai fayil.

Akwai wani dattijo mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da muka samu da fayil huɗu. A ɗaya Muhammad ne, a ɗaya Mohammed, a na uku Mamman. Na huɗun an rubuta Alhaji Mallam, don abin da abokiyar aikina Bayarabiya ta ji ɗan rakiyarsa yana kiransa ke nan. Duk sanda kati ya ɓata sai ya yanki sabo. Ranar haihuwa kuwa, a ukun farko 1 ga Janairu ce, kamar ta rabin mutanenmu. Na ce, "Baba, wace shekara aka haife ku?" Ya ce, "Ɗana, an dai ce ana yaye ni aka kashe Murtala." To, Murtala a Fabrairun 1976 aka harbe shi a nan Legas, sai muka sa 1974, muka nuna cewa ƙiyasi ne. Hawan jininsa yana fayil ɗaya, maganin da ya taɓa fito masa da ƙuraje yana wani.

Mata nasu daban ne. Ka tambayi baiwar Allah sunan mijinta, ta sunkuyar da kai ta ce maigida. Ba taurin kai ba ne, kunya ce, amma akwatin da ke kan allo ba ya wucewa sai an cika shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne aron kati. Samari 'yan ci-rani, masu tura ruwa da masu gadi, suna kwana ɗaki guda, kati ɗaya ke yawo tsakaninsu don kada a biya kuɗin sabo. A takarda, likita mai lura yakan ga tsayi da nauyi sun yi hannun riga, ya tsaya ya tambaya. A kwamfuta rukunin jinin na farko ne zai zauna a saman allo baro-baro, kuma duk wanda ya buɗe zai ɗauke shi gaskiya. Ranar da za a ƙara wa na biyu jini, gwajin da ɗakin lab ke sakewa ne kaɗai ya rage tsakaninsa da haɗari.

Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN mai alƙaluma 11 ta rage mana wahala, tunda daga ƙarshen 2020 aka matsa a haɗa ta da layin waya. Amma ƙananan yara da yawa ba su da ita, haka baƙinmu na Maradi da Damagaram. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana a juya wanda aka kawo rai a hannun Allah, da lamba ko babu.

Wata fitinar ta gida ce. Agege kowa ya san kowa, ga masu cewa, "Malam, ɗan duba mana abin da ke damun matar wane." Da, fayil na iya fita ya dawo ba wanda ya sani. Yanzu kowa da lambar sirrinsa, manhajar tana rubuta wanda ya buɗe da lokacin, ga dokar kare bayanai ta 2023 da ta sa bayanin lafiya cikin masu tsananin sirri. Wannan na yi murna da shi, don ya ba ni amsar da ba ta ɓata zumunci.

In za ku zo, ku taho da duk tsofaffin katunanku da takardar NIN. In wani ya taɓa ganin likita da katinku, ku faɗa mana a tagar, mu raba fayil ɗin. Ba tara, ba faɗa.