Ranar yaye ɗan ƙanwata a Ashesi

Jiya na dawo daga Berekuso, har yanzu zuciyata na can kan tudun nan. Ɗan ƙanwata ne ya kammala karatun injiniya a Jami'ar Ashesi, yaron da uwarsa ke sayar da koko da ƙosai a unguwar Nima ta Accra. Da aka kira sunansa, sai ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Na ce mata, "Ƙanwata, ɗago ki ga ɗanki mana." Ta kasa.

Makarantar nan da ɗalibai 30 ta fara a 2002, cikin gidan haya a Accra, bayan Patrick Awuah, wanda ya kafa ta, ya ajiye aikinsa a Microsoft ya dawo gida Ghana. A 2011 suka tare a Berekuso, a 2015 aka buɗe sashen injiniya, a 2018 shugaban ƙasa ya ba su izinin bayar da digiri da sunansu. Duk zuwan da na yi ziyara sai na tarar da wani abu ya ƙaru.

Kuɗin makarantar kuwa, wallahi ko mun sayar da duk abin da muka mallaka ba za mu iya ba. Gidauniyar Mastercard ce ta ɗauki nauyinsa, har wurin kwana da abinci. Mutanen da ba su taɓa ganin idonsa ba! Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, domin mu ma muna da attajirai a zango.

Da za mu taho ya tsaya bakin hanya ya saya wa uwarsa abarba biyu. Allah ya yi maka albarka, ɗana.