Wayar Baba mai goro

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullin durowa, na ɗauki mitata da ƙaramin akwatin kayan aikina, na yi sallama da shagon gyaran wayar da na yi shekara huɗu da wata biyar a cikinsa. Yaran da suka zo bayana sun ce in bar musu wani abu a rubuce. To ga shi. Amma kada ku sa ran jin yadda ake canza gilashi ko gindin caji, wannan duk wanda ya yi wata uku a teburi ya iya. Labarin waya ɗaya zan ba ku, wadda na kashe da hannuna a shekarata ta biyu.

Wani dattijo ne mai sana'ar goro. Da hantsi ya zo, ya zaro wata tsohuwar Samsung daga aljihun gaba, an ɗaure murfinta da robar ɗaure kuɗi. Ya ce, "Ɗana, wayar nan ta gaji. In ina ƙofar gida garau nake jin mutane, da na shiga ɗaki sai ta kurmance. Mutanen Shagamu su yi ta kira da dare ana ce musu ba ta shiga. A ƙara mata ƙarfi."

Ku sake karanta maganar tasa. Bawan Allah ya riga ya faɗi inda ciwon yake. Wayar da take jan sabis garau a ƙofar gida, eriyarta lafiya lau take. Ni a lokacin kunnena bai kai nan ba. Oga kuwa, Allah kaɗai Ya san ko bai ji ba ne ko ya ji ya share. Ko karɓar wayar bai yi ba, daga inda yake zaune ya ce, "PA ce. Cire ka sa wata, sannan ka manna masa sitika a bayan batir." PA ita ce ƙaramar na'urar da ke jikin injin waya, mai ƙara ƙarfin saƙon da wayar ke aikawa. Kun dai san sitikar, mai ruwan gwal ɗin nan da zane kamar hanyar tururuwa, wadda ba ta haɗe da komai a jikin injin. Da ita da a manna takardar alawa duk ɗaya.

Na ɗan yi ƙarfin hali na ce, "Oga, ko in fara duba ƙarfin sabis ɗin tukuna?"

Ya ce, "Kai ne ogan ko ni? Ba ka ga mutum uku na jira ba?"

Na ja bakina na kunna bulowa, wato na'urar da ke hura iska mai zafi don narka dalma. Tsohuwar bulowar nan ce ta kusurwa, wadda lambar da take nunawa daban, zafin da take bayarwa daban. Dalmar da kamfani ke amfani da ita ba irin tamu ta nadi ba ce, ba ta motsi sai zafi ya kai digiri 217, kuma rufin ƙarfen da ke saman wurin yana shanye zafin kafin ya isa. Na ga abu ya ƙi ɗagawa, ga idon Oga a ƙeyata, sai na murɗa ta zuwa 450. Ban rufe maƙwabtan wurin da komai ba. Har yau ina iya jin warin, wani irin ƙauri kamar an jefa leda a garwashi. PA ta fita, na dasa wata, na haɗa, na danna. Shiru. Na jona ta a fawa, wato na'urar da muke ba waya wuta da ita don gwaji, allurarta ta buga ƙarshe nan take. Dalmar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wayar ta narke ta haɗe da juna.

Kashe waya ba sabon abu ba ne a sana'ar nan, duk wanda ya ce bai taɓa yi ba, bai daɗe a teburi ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne abin da ya biyo baya. Da Baba ya dawo bayan azahar, Oga ya miƙe, ya haɗa hannu biyu, ya ce, "Wallahi Baba yaran yanzu ba sa jin magana. Cewa na yi ya jira ni, ina juya baya ya kunna mata wuta." A gabana. A gaban yara biyu da suka ji abin da ya faɗa da safe, suka sunkuyar da kai suna goge gilashin da babu ƙura a kansa.

Baba bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Lambobin fa?" Layinsa ya daɗe da cika, don sim bai fi ya ɗauki lamba 250 ba, sauran duk a cikin wayar suke, kuma ba wanda ya taɓa buɗe masa adireshin Gmail. Dillalansa na Kurmi, direbobi, masu bashinsa, da hotunan aikin Hajjinsa, duk sun tafi. Ya yi salati, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya dafa kafaɗata ya fita. Da zagina ya yi da na fi samun barci a daren.

Oga ya ba shi wata ta hannu irin tasa, ya cire kuɗin daga abin da yake ba ni har wata uku. Kwana shida Baba ya dawo. Wannan ma, in ji shi, da ya shiga ɗaki sai ta yi shiru.

A daren, bayan isha'i, na bi shi gida ba tare da na gaya wa kowa ba. Gidan cikin gari ne, da can ginin ƙasa da azara, sai ɗansa ya rushe ya yi na bulo, ya zuba dakin da rodi ya ɗora bene. Ɗakin Baba shi ne na ƙurya, taga ɗaya ƙarama mai ƙarafuna, tana kallon katangar maƙwabci. Na shiga saitin wayar inda take nuna ƙarfin sabis da lamba, ba da sanduna ba, don sandunan nan kowane kamfani yadda ya ga dama yake zana su. A ƙofar gida ta nuna -75. A zaure -90. A bakin gadonsa -109, wato tana gab da sakin layi. Kuma duk da haka ta ƙi rabuwa da 3G.

Nan ne abin ya faɗo mini. 3G a nan ƙasar galibi a kan zangon 2100 yake tafiya, 2G kuwa yana da 900. Zango mai ƙaramar lamba ya fi ratsa bango. Kamar dai biki ne a bayan layi: kana ƙuryar ɗaki za ka ji dukan ganga har cikin ƙirjinka, amma sarewa ba ta iso ka. Na mayar da wayar 2G zalla. Lambar ta dawo -93. Na fita tsakar gida na kira shi, ya ɗauka daga kan gado, ya ce, "Ikon Allah, kamar kana gabana." Danni uku da yatsa. Babu bulowa, babu sukuddireba, babu ko sisi. Mutumin da ba ya Facebook ba ya WhatsApp, kira kawai yake so. Da na yi haka tun ranar farko, da lambobinsa suna nan.

Washegari na gaya wa Oga, ina tsammanin ko zai ce wani abu. Ya ce, "In ka riƙa gyara wa mutane waya da yatsa kyauta, wa zai biya haya?" Hayar gaskiya ce, ban musa ba. Amma kuɗina na wata uku bai dawo ba, kuma har na bar shagon bai taɓa cewa shi ya ba da umarnin ba.

Tun daga nan, duk wanda ya kawo mini ƙarar sabis, tambaya nake fara yi kafin in taɓa noti: a ina take ɗaukewa? In ko'ina ne, sai in duba ƙafafun eriya ko sun yi tsatsa, ko siririyar wayar eriya ta zame lokacin da wani ya canza gilashi, ko an sa mata murfin baya mai arha alhali eriyar a jikin na asali take. In kuwa a ɗaki ne kawai, ginin ne da zango. Mai son intanet a ƙuryar ɗaki, gaskiyar da za a gaya masa ita ce ya nemi wayar da ke kama band 20 da band 28, wato 800 da 700. Saboda zangon 800 ɗin nan MTN ta sayi kamfanin sadarwa na Visafone a 2016, kuma masu daɗewa a sana'ar sun tuna yadda 4G na Glo a kan 700 ya ƙi hawa wayoyi da yawa. Tsofaffin wayoyin da ake kawowa daga Amurka sau da yawa ba su da waɗannan biyun. Abin a jikin injin yake, babu filashin manhajar da zai ƙara shi, ko wa ya ce maka a kasuwar waya ta Farm Centre zai iya.

Sauran a taƙaice. Kada ka kunna wuta a kan wayar mutum kafin ka kwashe masa lambobinsa. Kada ka ɗaura wa kowa na'urar ƙara sabis ta kasuwa, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta hana waɗanda ba ta amince da su ba, kuma maƙwabta take ɓata wa layi. In oga ya ba ka umarnin da ba ka yarda da shi ba, maimaita shi da ƙarfi a gaban mai wayar. Tsohuwar bulowar kusurwa kuma, ku yi nesa da ita.

Ba zan ce bai koya mini komai ba. Hannuna a wurinsa ya faɗa, kuma na ci abincin gidansa. Amma mutanen da Baba yake turowa daga kasuwar goro, sunana suke tambaya, shi ma Ogan ya san haka. Ranar da zan tafi ya sa mini albarka, ya miƙo mini fakitin sitikar nan guda, ya ce in fara jari da shi. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Yana nan cikin durowar da na miƙa makullinta, a ƙarƙashin tsofaffin batira.